Kafin ka ce yaro malalaci ne, dubi inda yake zaune

Kwana uku bayan babbar sallah na je garinmu gaishe da yayana, na tarar ana cikin wata magana a zaure. Babban ɗansa shekara uku ke nan da gama difloma, kuma tun da ya dawo gida ba a ga abin da ya kama ba. Kawunsa, ƙanin uwarsa, wanda ya daɗe yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 a Legas, ya zo sallah, ya roƙi a ba shi yaron ya tafi da shi. Yaya ya ce a'a.

"Abin da Allah ya rubuta masa zai same shi ko a ɗakin uwarsa yake," in ji shi. "Kuma yaron da sai an buga masa ƙofa yake tashi sallar asuba, Legas ce za ta tashe shi?"

Yaron yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kansa a sunkuye, yana tonon ƙasa da tsinke. Bai ce uffan ba. Da na fito ya rako ni bakin hanya, ya ce da ni a hankali, "Baffa, wallahi na gaji da zaman nan." Wannan maganar ta hana ni barci a daren.

Ina girmama Yaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Amma a wannan karon ina ganin ya yi kuskure, kuma kuskuren iyaye da yawa ne a ƙasar Hausa. Wurin da mutum yake zaune yana da hannu babba a cikin himmarsa. Akwai wurin da ke kashe zuciya, akwai wurin da ke tashinta. Matashi da yawa da muke kira cima-zaune, in ka ɗauke shi daga gindin darbejiyar da yake wuni ka ajiye shi cikin mutanen da ke nema, kafin shekara ba za ka gane shi ba. Sharaɗina ɗaya ne, kuma zan dawo kansa: ya san hannun wanda zai sauka.

Abin da gida ke yi wa mai son nema

Mu dubi ranar wannan yaron. Yana tashi hantsi, akwai koko da ƙosai an ajiye masa. Ya fita majalisa. Majalisar nan samari ne kusan goma, kowa da takardarsa a akwati, kowa yana jiran wani ɗan siyasa ya tuna da shi. Ana dafa shayi zagaye uku, ana musun ƙwallo, ana miƙa wa juna waya. Azahar ta yi, a shiga gida a ci abinci. La'asar a dawo. Babu wanda ke jin kunyar zaman, domin na damansa da na hagunsa duk haka suke. In wani a cikinsu ya ce zai fara tura baro a kasuwa, su ne farkon masu yi masa dariya.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mun san wannan karin maganar, amma muna tuna ta ne kawai idan ana zancen shaye-shaye ko sata. Mutuwar zuciya ma ana ɗaukarta a wurin zama, kamar yadda ake ɗaukar mura.

Sai idon sani. A garinmu yaron nan ɗan gidan wane ne, jikan wane ne. Ba zai iya ɗaukar dako ba, ba zai iya wankin mota a tasha ba, ba zai iya soya indomi a bakin titi ba. Ko shi ya yarda, gwaggonsa za ta aiko a ce ya zubar musu da mutunci, kuma gidan da yake zuwa zance za su ji labari. Amma irin wannan yaron, ka same shi a Fatakwal ko Abuja, yana tura ruwa a kura, yana yankan farce, yana gadi da dare, babu ko ɗar a ransa. Wa ya san shi? Aikin da ya zama abin kunya a gida, a can sunansa sana'a. Na sha ganin wannan, kuma duk wanda ya yi zaman kudu ya gani.

Abu na uku ya fi ba ni takaici, domin na gan shi a cikin gidanmu. Wani ƙanena ya taɓa buɗe tireda a ƙofar gida da jarin da aka haɗa masa. Wata takwas ta yi ta mutu. Ciniki yana yi, amma rabinsa a littafin bashi yake. Inna ta aiko a ba da sukari, za a kawo kuɗin. Matar wa ta aiko a ba da omo da magi. Abokin da aka tashi tare ya ɗauki katin waya ya ce sai gobe. Wa za ka bi bashi a cikinsu? In ka bi, ka zama marar mutunci, a kai ƙararka wurin manya. In ka ƙyale, kanta ta zama fayau. Ranar da ya rufe tiredar na ga littafin, shafi bayan shafi, babu sunan bare ko ɗaya. Shi ɗin dai, da ya koma Kano yana tsaron shago a Kwari, yanzu da nasa tebur. Ba wata dabara ya koyo a can wadda bai sani ba a gida. A can in ya ce ba bashi, maganar ta zauna.

Ku dubi garinku ma. Mai shayin da ya fi kowa ciniki a tasha sau da yawa baƙo ne, wani lokaci daga Nijar. Mai kemis da mai kayan gyaran mota ɗan kudu ne. 'Yan gari suna zaune suna cewa babu abin yi a garin, baƙo kuwa ya zo da jaka ɗaya ya samu abin yi a wannan garin dai. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma baƙo ya fi saurin tonawa, domin shi ba shi da tukunyar da ke jiransa in rana ta faɗi.

"Arziki na Allah ne"

Haka ne, babu musulmin da zai musa. Zafin nema ba ya kawo samu. Amma ban san inda addini ya ce wuri ba shi da tasiri ba, abin da na sani akasin haka ne.

Akwai hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, ya cika na ɗari, sannan ya je wurin malami yana neman hanyar tuba. Malamin bai tsaya ga ce masa ya tuba ba. Ya ce ya tashi ya koma wata ƙasa inda akwai mutane masu bauta wa Allah, ya yi bauta tare da su, kada ya dawo ƙasarsa domin mugun wuri ce. Ga kuma misalin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga na abokin zama nagari da mugu, mai turare da mai zuga wutar maƙera. Ko ba ka sayi turaren ba za ka tashi da ƙamshi.

Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda aka ƙulla musu 'yan'uwantaka, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ya tafi, ya dawo da ribar cuku da man shanu, daga nan ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Mutane suna son ba da wannan labarin don nuna zuciyar nema, kuma gaskiya ne. Ni abin da nake ƙara gani a ciki shi ne ya sauka hannun wanda ya karɓe shi, a garin da ke da kasuwa, kuma aka samu mai nuna masa hanya.

Lissafin shekarunmu ma daga hijira aka fara shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai da ya bar Degel ya koma Gudu a 1804 sannan al'amarinsa ya ɗauki wata fuska. Ba na kwatanta neman abinci da hijirar addini. Ina cewa ne mutanen da tarihinsu ke cike da tashi daga wuri zuwa wuri bai kamata su riƙa ɗaukar zama wuri ɗaya a matsayin tawakkali ba.

"Hali zanen dutse ne"

Wannan ita ce hujjar Yaya ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Akwai malalacin da ko Makka ka kai shi zai nemi inuwa ya kwanta. Na yarda. Amma yaya za a yi ka san halin yaro alhali wuri ɗaya kawai ka taɓa ganinsa? Irin gero in ya daɗe a rumbu ba za ka ce ba ya tsira ba sai ka kai shi gona.

A Amurka an taɓa gwada wannan a aikace. Tsakanin 1994 da 1998 gwamnati ta ɗauki iyalai kusan 4,600 daga unguwannin da talauci ya yi wa katutu a birane biyar, aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su tallafin kuɗin haya da sharaɗin su koma unguwa mai sauƙin talauci. Bayan shekaru masu bincike na jami'ar Harvard suka bi sawun yaran. Waɗanda aka tashi da su kafin su cika shekara 13, da suka girma samunsu ya fi na takwarorinsu da aka bari da kimanin kashi 31 cikin ɗari. Ƙuri'a ce ta raba su, ba ƙwazo ba, don haka ba za a ce dama masu himma ne suka tafi ba.

Sai dai binciken yana da ɗaya fuskar, kuma ba zan ɓoye ta ba: iyayen da suka tashi samunsu bai ƙaru ba, haka ma yaran da suka riga suka tasa kafin tashin. Yadda na fahimci abin, sabon gida kawai aka ba su. Babba kuwa sauya ɗaki ba ya isarsa, sai ya samu wanda zai riƙe hannunsa ya shigar da shi cikin harka. Wannan kuwa mu Hausawa mun daɗe da saninsa, har muna da suna da tsari a kansa.

Mai gida

Fataken da suka riƙa kai kanwa da fata da tufafi Gwanja su sayo goro ba sa shiga gari haka kawai. Kowane ayari yana da masauki. A Salaga, daga baya a zangon Kumasi da Ankara a Gana, da Sabo ta Ibadan, da Agege, akwai mai gida. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni in an ba da kaya bashi. Yaron da aka kawo masa yakan fara da aike da ɗaukar kaya, ya koma dillanci yana cin la'ada, wata rana shi ma ya zama mai gida. Baƙon da ya ci amana kuwa labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Tsarin yana ba ka dama, yana kuma sa maka ido.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, cikin wannan tsarin ya taso. Yana matashi ya bi hanyar Gwanja, ya yi fataucin goro, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa, ya dawo gida da ido a buɗe da jari a hannu. Kafin ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ma Legas ya koma a ƙarshen shekarun 1970, da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Ba na kawo su don in ce duk wanda ya tafi zai zama su ba. Ko su, da gatansu da basirarsu, sai da suka bar gida, kuma ba su tafi babu madogara ba.

Kawun yaron nan mai gida ne a ƙaramin mataki. Yana da rumfa, yana da ɗaki a bayan kasuwa inda yaransa ke kwana, an san shi a masallacin wurin. A kasuwa irin Mile 12 motocin kaya da dare suke isowa daga arewa, kafin asuba an fara sauke buhuna. Yaron da ya kwana cikin mutum shida da duk suka miƙe ƙarfe huɗu, ba sai an buga masa ƙofa ba. Kunyar da ke hana shi aiki a gida ita ce za ta hana shi kwanciya a can. Amsar tambayar Yaya ke nan: i, wurin zai tashe shi.

Waɗanda suka tafi ba su dawo da komai ba

Su ma na san su, kuma ba zan yi kamar ban gan su ba. Akwai wanda ya tafi da lafiyarsa ya dawo da ƙwaya a aljihu. Akwai wanda ya yi shekara goma yana kwana a kango ko ƙarƙashin gada, abin da ya samu da rana ya ƙare da dare. Akwai wanda kunyar dawowa hannu biyu ta sa ya yanke zumunci, uwarsa ta rasu bai sani ba.

Akwai kuma haɗarin da ba laifin mai tafiya ba ne. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, aka riƙa kama babura ana murƙushewa, kuma da yawan masu su 'yan arewa ne da suka sayar da gona ko akuya suka saya. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya cinye rayuka da rumfuna. A Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, akasari mata da yara, a hanyarsu ta zuwa Aljeriya. Uban da ya ji waɗannan ya ce ɗansa ya zauna a gabansa, ba zan ce masa matsoraci ba. So ne.

Amma in ka bincika labarin waɗanda suka lalace a can, galibi za ka tarar sun hau bayan tirela ne ba su san inda za su sauka ba. Sun ji an ce ana samu, shi ke nan. Suka sauka a tasha, wanda ya fara yi musu magana da Hausa shi ya zama ubangidansu, ko mutumin kirki ne ko ɗan daba. Wasu kuma majalisarsu suka ɗauka cak suka kai can: abokan nan dai, shayin nan dai, sai dai bishiyar ce ta sauya. Irin wannan tafiyar ni ma ba na goyon bayanta.

Kuma zaman gida da muke ɗauka shi ne tsira, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Maganin tarin da ake sha a kangon Legas ana shansa a bayan makarantar firamaren garinmu. 'Yan siyasa daga irin wannan majalisar suke ɗibar yaran da za su riƙa musu gora lokacin zaɓe. Shekara uku na zaman banza suna cin mutum a hankali, ba a dai ganin jini ne.

Wani zai ce in kowa ya tafi wa zai yi noma. Ci-rani tun asali an gina shi ne a kan wannan: a tafi bayan an kai amfani rumbu, a dawo da faɗuwar ruwa, da kuɗin taki da na sutura. Damina a yawancin ƙasarmu wata huɗu ce zuwa biyar. Sauran watannin fa, ga wanda ba shi da fadama?

Ba kuma dole sai an tsallaka Kwara ba. Wani tashinsa daga ƙauye zuwa Dawanau ne, wani daga unguwarsu zuwa garejin wani bakanike a ɗaya gefen gari, inda zai wuni ba a ganinsa sai dare. Na san yarinyar da aka kai gidan yayar babanta a Zariya saboda a gidan kowa karatu yake yi, ita da a gidansu littafi ba ya buɗuwa saboda talla da aike. Yanzu tana aikin jinya. 'Yan mata su ne aka fi tauyewa a wannan fannin, domin namiji ko ba a yarda ba wata rana zai iya saɓa jakarsa, ita kuwa sai wani babba ya yi tunanin sauya mata wurin.

Washegarin ranar da aka yi maganar nan a zaure na koma wurin Yaya bayan sallar isha'i, na ce a kira kawun yaron. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba musu na zo yi da kai ba. Tambayoyi zan yi a gabanka." Na tambayi kawun inda yaron zai kwana, da su wa. Na tambaye shi wa zai riƙe masa kuɗinsa, da shekara nawa zai yi kafin a ba shi nasa buhunan ya fara juyawa. Na ce in abin bai yiwu ba, wa zai sa shi a mota ya dawo, ba tare da an yi masa gori ba. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce shekara biyu, kuma kuɗin yana hannunsa a rubuce, duk wata zai kira ya faɗa.

Yaya ya daɗe bai yi magana ba, yana jan carbi. Can ya ce yanzu damina ta kama, akwai gona. A bari a cire amfani, sannan a sake zama.

Bai ce ya yarda ba. Amma da safe da zan tafi na hangi yaron ya riga kowa fita, da fartanya a kafaɗa, ya nufi hanyar gona. Na ware masa kuɗin mota na ajiye, na kuma ce wa kawun ya neme ni da zarar an fara yankan gero.